Littafin da Ya Tayar da Surukina

Jikokina ba su san daɗin tsoro ba. Rannan na faɗi haka suka fashe da dariya, wai ta yaya tsoro zai yi daɗi. Ban ga laifinsu ba. Yaran da suka buɗe ido a zamanin da ƙarar babur daga wajen daji kan sa uwa ta suri ɗanta ta bar tukunya a kan wuta, ina za su san akwai wani irin tsoro da mutum ke nema da kansa, har ya shimfiɗa masa tabarma ya kira maƙwabta? Yanzu sai ka ga yaro riƙe da waya, ana nuna masa abin da bai kamata ido ya gani ba, yana kallo yana ɓare gyaɗa, ko girarsa ba ta motsi. Mu kuwa takarda ce kawai, baƙi a kan fari, amma ta sa matan aure da goyo a baya suna kururuwa da rana tsaka, in an gama kuma su ce a ƙara.

An kai ni Darini ina amarya a shekarun nan da duniya ta yi ƙunci. Ni 'yar Batsari ce, mahaifina malamin makaranta, shi ya sa na iya karatun boko, shi ya sa kuma dangin mijina ba su san ni da wani suna ba sai ɗiyar Malam. Damina ta yi ta yi mana gardama, abin da aka noma bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Kananzir ya ɓace, fitilarmu ta ƙwai tana rataye har gizo-gizo ya yi mata saƙa, ana idar da isha'i kowa ya nemi makwanci. Sabulu ya gagara, muka koma wanki da ruwan toka. Mota ma ta yi wuyar gani, don babu mai. Maigidana da wansa suka tafi kudu cin rani, aka bar mu mu mata: ni, da facalata Hajo, matar wan mijina, da surukarmu Inna. Da sassafe mu fita neman yaɗiya da kauci, mu dawo mu dafa, a murmusa ɗan ƙuli-ƙuli a kai don dai a ce an yi kwaɗo. Daga nan sai rijiya, wadda ruwanta ya yi nisa har sai hannu ya yi kanta kafin guga ya fito, rabi ruwa rabi laka. Da rana gari kan yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ɗan kurman sautin mazarin Inna tana kaɗi. In wata ta yi ƙorafi a gaban baƙi, Inna ta harare ta ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Amma ba yunwa ce ta fi damun gidan ba. Surukina ne, Baba. An ce da can in ya yi magana a ƙofar gida ana jin sa a bakin rafi, mutum ne mai shanu, mai barkwanci, wanda ba a raba gardama a majalisa sai ya zo. Ciwo ya shiga garkensa ya kwashe rabi, wuya ta sa ya sayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe wani farin bijimi ne da ya rena tun yana maraƙi, da shi yake huɗa. Ranar da ya dawo daga kasuwa da igiya a hannu babu sa, ya shiga rumfarsa ya kwanta, ya juya wa turakun baya. Daga nan bakinsa ya mutu. Masallaci ya daina zuwa, sai dai ya yi salla a zaune. A kai masa kunu ya kurɓa sau ɗaya ya ture. An sha yi masa rubutu, an turara masa abin da aka turara, shiru. Ga bazara ta kawo kai, kowa na sharar gona, tamu tana nan da kara da ƙaya yadda aka bar ta. Inna ba ta faɗa, amma duk mun san abin da take tsoro: mutumin yana tafiya ne a hankali muna kallo. Ni kuwa ko sannu ba ni da bakin yi masa yadda nake so, saboda kunya. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, idona a ƙasa. Zana ɗaya ce ta raba rumfarsa da inuwar rumbun da muke zama.

Ana cikin haka yayana ya zo duba ni a kan kekensa. Malami ne a Safana, albashi ya daɗe bai fito ba, makaranta a rufe, ba shi da aikin yi sai zumunci. Da zai tafi ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, bangonsa duk ya ci hannu, an zana wata rijiya da yatsu suna leƙowa daga bakinta.

"Ga wannan, ki rage zaman shiru," ya ce. "Amma kada ki karanta ke kaɗai."

"Me ke ciki, Yaya?"

"Ni dai tun da na gama shi ban ƙara leƙa rijiya ba. Ko randa sai na yi bisimilla da ƙarfi."

Ai ko ƙurar kekensa ba ta kwanta ba na shige ɗaki na buɗe. Wayyo! Na saba da littattafan makaranta, na gizo da ƙoƙi, na yaro mai ladabi da yaro marar ji. Ban taɓa sanin ana iya rubuta irin wannan abu da harshen da nake magana da shi ba. Labarin wani mahaƙin rijiya ne, a shekarar fari irin tamu, ya yi ta tono har ya fasa wani rami da ba mutum ne ya haƙa shi ba. Daga cikin duhun aka kira sunansa, da muryar uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Abin da ke cikin ramin ya biyo igiya ya fito. Shi ba ya cin mutum. Feɗe shi yake yi da ransa, a hankali, tun daga bayan kunne, ya sa fatar kamar riga, ya tafi gidan mai ita ya yi sallama ya zauna cikin iyalinsa. Marubucin bai rage komai ba, har ƙarar da fata ke yi in tana rabuwa da nama sai da ya faɗa, har yadda wanda aka feɗe ke rarrafe yana neman inuwa. Ba a gane abin sai da ƙudan da ke binsa, da kuma fatar da kan ɗan saki a bayan kunne. Tsikar jikina ta tashi. Na jefar da littafin. Na zauna ina haki. Can kuma sai na ga hannuna ya miƙa da kansa ya ɗauko shi. Rabona da jin jinina yana gudu haka tun ina yarinya. Duk watannin nan jikina kamar na aro ne, ranar na ji shi nawa ne, tun daga gashin kai har yatsun ƙafa. Sai da la'asar ta yi na tuna ban ci komai ba, kuma ban ji yunwa ba.

Hajo ce ta leƙo ta same ni a dunƙule a ƙuryar gado. Da ta taɓa kafaɗata na ƙwalla ƙarar da ta sa kaji watsewa.

"Ke, lafiya? Gamo kika yi?"

"Hajo, juya in ga bayan kunnenki."

Washegari bayan azahar na fara karanta musu a inuwar rumbu, ita da Inna. Da farko Inna ta ce ita ba ta sauraron ƙarya, ta juya gefe tana kaɗinta. Kafin in kai inda aka kira sunan mahaƙin, zaren ya tsinke mata, ba ta ma ƙulla ba. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu. Matan maƙwabta suka riƙa zuwa da saƙar faifansu da 'ya'yansu a baya, wata ta ce aron rariya ta zo, ta zauna har inuwa ta juya. In na zo wurin feɗa sai wata ta toshe kunne da hannu biyu tana salati, amma ta bar 'yar kafa tsakanin yatsu. Wata ta tashi da gudu ta yi bayan ɗaki, daga can ta ɗaga murya, "Kada ku wuce ni!" Mu yi ihu tare, mu ƙanƙame juna, sannan mu kalli fuskokinmu mu fashe da dariya har da hawaye. Zuwa rijiya ya koma ayari, babu mai yarda ta je ita kaɗai, mu jera da tuluna muna waƙa don mu kori fargaba, in guga ya daki ruwa a can ƙasa kowa ta ja da baya. Ƙuda ya sauka a kan mace, sai a yi caa a kanta, a ce ta kawo kunne a duba. Yanzu mata kan zauna wuri ɗaya kowace da wayarta, kowace da nata tashin hankalin, babu mai riƙe hannun wata. Mu namu tsoron na tarayya ne, kamar tuwon gayya, kuma yana da bango: in ya ishe mu sai in rufe shi in tura ƙarƙashin tabarma, ya kwana can har gobe.

Duk wannan bidiri mun manta da wanda ke bayan zana. Sai ranar da na kai inda matar mahaƙin take ita kaɗai a gida, ƙanenta ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa yana kiran ta da sunan da yake kiran ta tun suna yara, ƙudaje kuma sun yi baƙi a jikin ƙyauren. Na sassauta murya. Matar ta tashi. Ta kama sakata. Kawai sai muka ji tsawa daga bayan zana:

"Kada ki buɗe! Ke ba ki ga ƙudan ba? Wace irin sakarya ce wagga!"

Wallahi sai da wata maƙwabciya ta kifa a kan faifanta. Mazarin Inna ya faɗi ya gangara. Muryar Baba ce, cikakkiya, irin wadda nake jin labarinta ban taɓa ji ba. Kunya ta rufe ni, na tuna irin abubuwan da bakina ya yi ta furtawa kwana da kwanaki ashe surukina na ji. Na yunƙura zan gudu ɗaki, Inna ta damƙe zanina. Idonta ya kawo ruwa, amma bakinta na rawa da dariya. Can muka ji gyaran murya, sannan ya ce, kamar da iska yake magana, "Wai an ce a daina karatun ne?"

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ci gaba. Matar ta buɗe ƙofar. Daga bayan zana muka ji, "Kash! Ai na faɗa miki."

Inna mace ce mai dabara. Washegari ta dama kunu ta kai masa, ta ɗaga murya yadda duk za mu ji: "Maigida, mai karatu ta ce yau ba ta iya buɗe littafi sai ƙwarya ta dawo wayam." Ni da ban ce komai ba! Na rufe fuska da mayafi, Hajo tana ta mintsinina. Ba a jima ba sai ga ƙwarya an turo ta ƙarƙashin zana, an sharce ta tas. Haka aka yi ta yi kullum. Ya fara zama maimakon kwanciya, muna ganin inuwarsa ta kafofin zana tana matsowa. Ba ya taɓa yi mini magana, da mutanen littafin yake yi. Ya zagi mai gari don ya ƙi sa a cike rijiyar, ya yi wa mahaƙin faɗa, wani lokaci ya ce, "A'uzu billahi, wanga abu ya wuce misali," sannan ya ƙara da, "To, sai mi ya faru?"

Sai littafin ya ƙare. Ya ƙare a daidai inda mahaƙin ya dawo gida ya tarar da ɗansa guda ɗaya tilo zaune a tsakar gida yana murmushi, ƙuda ɗaya yana yawo a kansa. A ƙasa aka rubuta wai a nemi littafi na biyu. Tsakar gida ta kaure. Hajo ta ƙwace littafin tana jujjuya shi ko wata takarda ta maƙale, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Wata ta ce wannan zalunci ne. Bayan zana kuwa ko tari ba mu ji ba, na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya.

Da asuba sai muka ji ana kakkaɓe akumari. Baba ne tsaye a tsakar gida, rigarsa ta yi masa yawa, yana ɗaure wa jaki kaya. Ranar kasuwar Batsari ce.

"Maigida, ina zuwa?" in ji Inna.

"Kanwa zan sayo."

"Kanwa? Wa zai lasa?"

"Jakin ga ba dabba ba ne?"

Ya fita. Muka bi shi da ido har ya ɓace, mutumin da ko zaure ya daina kaiwa. Magariba ta yi bai dawo ba. Gari ya waye bai dawo ba. Nan fa muka san bambancin tsoron takarda da na gaskiya, don wannan ba ya sa dariya. Inna ta kasa zama, ta fita ƙofar gida ta dawo, ta ce ko ya faɗi a hanya, ko ganin kasuwar shanu ya tayar masa da ciwo. Ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Sai da wani mai kai itace Batsari ya kawo labari cewa an gan shi a gidan mahaifina, wai mai sayar da littattafai a kasuwa ya ce na biyun ya ƙare, mahaifina kuma ya ce yana wurin yayana, shi ne tsohon ya karkata akalar jaki ya nufi Safana.

"Safana!" Inna ta dafe ƙirji. "A kan jaki, da wannan jikin?"

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga sallamarsa, tun daga zaure ana jin ta. Ya yi baƙi, ya yi furu-furu, amma yana tafe yana faɗa da jakin kamar da. Hajo ta raɓe a bayana ta raɗa mini, "Ku tsaya tukuna, a duba ko ƙuda na bin sa." Inna ta make ta da faifai. Ashe a ƙauyen Babban Duhu ya yada zango, wurin wani tsohon amininsa Bafulatani da suka yi kiwo tare, wanda kunya ta hana shi nema tun da garkensa ya watse. Shi ma ashe nasa sun ragu ƙwarai. Suka kwana suna ba juna haƙuri, da zai taho aminin ya ɗaura masa irin gero a mangala. Baba ya sauke kayan, sannan ya cire hularsa, ya zaro wani abu naɗe a tsumma ya miƙa wa Inna, yana kallon wani wuri.

"Yayan ɗiyar Malam ya ba da saƙo. Ni ban san ko mine ne ba."

"Ina kanwar?" in ji Inna.

"Ta yi tsada."

Ranar ko azahar ba a bari ta yi sanyi ba, gida ya cika har bakin zaure. Na biyun ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Akwai inda wata mai ciki Inna ta kore ta gida tana tirjiya. Muka yi kwanaki muna bin sa, ihu na bin ihu, har muka zo ƙarshe. Mahaƙin ya san wanda ke cikin fatar ɗansa ba ɗansa ba ne. Ya san kuma babu yadda za a rabu da abin sai wanda ya buɗe ramin ya mayar da shi da hannunsa. Sai ya yi wa yaron wanka, ya sa masa rigar salla, ya kama hannunsa suka nufi rijiya, yaron na tafe yana tsalle yana yi masa surutu da muryar da ya sani. A bakin rijiya ya ɗaga shi ya rungume, ya sake shi. Ya ɗauki shebur ya fara zuba ƙasa. Daga ƙasa muryar tana kira, Baba, Baba, me na yi, yana zubawa tana raguwa, har ta ɗauke. Nan littafin ya tsaya.

Wannan karon babu wadda ta yi ihu. Na rufe littafin, hawaye na zuba a kan bangon. Sai muka ji wani sauti daga bayan zana, kamar ana jan numfashi da ƙyar. Ya ƙaru. Baba ne yake kuka, kuka na gaske, irin na wanda ya daɗe yana riƙe da shi, yana faɗin, "Farin bijimina, da hannuna na ja shi kasuwa. Yana waiwayena, da hannuna na ja shi." Matan suka sunkuyar da kai, an rasa mai motsi. Dattijo kamar wannan, ga surukai, ga maƙwabta.

Inna ta miƙe tsam. Ta jawo turmi, ta watsa ɗan tafin dusa a ciki, ta ɗauki taɓarya ta hau daka da dukan ƙarfinta. Hajo ta gane, ta ɗauki ta biyu, ni ma na ɗauki ta uku. Muka shiga lugude a kan abin da bai kai cikin ludayi ba, muna jefa taɓarya sama muna tafawa, har ƙarar ta rufe komai. Maƙwabta suka tattara faya-fayansu suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowace tana cewa ta bar tukunya a wuta. Ba mu tsaya ba sai da kafaɗunmu suka gaza.

Da la'asar sakaliya Baba ya fito, ya wanke fuska, da gatari a kafaɗa. Ya ce wa Inna a nemo masa sungumi a duba ƙotarsa, ya ga gabas ta fara haɗa gira, gobe da wuri zai shiga gona. Ya nufi zaure. Ina durƙushe a gefen rumbu, kaina a ƙasa, ina jira ya wuce. Sai na ga ƙafafunsa sun tsaya a gabana.

"Ɗiyar Malam."

Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa kirana ba. Da ƙyar na ce, "Na'am, Baba."

"Wanda ya rubuta abin ga, Allah shi shirye shi. Ba shi da imani ko kaɗan." Ya gyara gatarin a kafaɗa. "Shina da wani?"